Hutun Kakanni da Jikoki a Ghana: Shawarwari 10 Don Tafiya Cikin Natsuwa

Iyalai da dama suna da burin fita hutu wata ƙasa gida guda, kakanni da iyaye da jikoki. Buri ne mai kyau, domin a gida kowa na fama da hidimar gabansa, ba kasafai jika ke samun yini guda cur tare da kakarsa ba. Sai dai a ayari ɗaya za a samu mai ciwon gwiwa, da mai goyo, da matashin da ba ya iya zama wuri ɗaya. In aka tsara tafiyar da ƙarfin masu jini a jika, tsofaffi da ƙananan yara ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Saboda haka ƙa'idar ita ce: mafi tsufa da mafi ƙanƙanta a cikin ayari, su ne ma'aunin komai.

Ghana ta dace da irin wannan tafiya. Kusa take, akwai teku da daji da wuraren tarihi, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a can. Tun zamanin da fatake ke kai kanwa da tufafi da fatu Gwanja su dawo da goro daga kasuwar Salaga, Hausawa suka zauna a ƙasar, har yau kuma ana jin Hausa a zangon Accra da na Kumasi.

1. Ku ji ta bakin tsofaffi da gaske

In aka tambayi Hajiya me take so, amsar da aka saba ji ita ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Wannan kawaici ne, ba zaɓi ba. Kada a tambaye ta a gaban taro. A tura wanda ta fi sakewa da shi, kamar autarta ko babbar jikarta, ya zauna da ita ya ji abin da take so da abin da take tsoro. Wata hawan jirgi ne ke damunta, wata banɗakin da ba ta saba da shi ba, wani dattijon kuwa bai damu da ganin teku ba, burinsa ya nemi dangin da suka daɗe a zangon Kumasi. A tambayi yara su ma. Kowa ya faɗi abu ɗaya da ya fi so, a gina tafiyar a kan waɗannan, sauran in an samu hali.

2. Ku zaɓi lokacin da yanayi ya yi sauƙi

Kudancin Ghana damina biyu gare shi. Babbar takan fara a Afrilu ta kai Yuli, ruwa ya fi ƙarfi a Yuni, lokacin da wasu unguwannin Accra kan sha ambaliya. Ƙaramar kuma takan zo wajen Satumba zuwa Nuwamba. A tsakiyarsu akwai Agusta, watan da ruwa ke ɗaukewa, gari ya yi lumshi, zafin rana ya tsaya wajen digiri 27 zuwa 28. Ya kuma yi daidai da dogon hutun makarantun Najeriya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin Arewa da ya saba da busasshen zafi, domin zafin bakin teku mai gumi ne, yana saurin galabaitar da tsoho. Disamba ma babu ruwa, amma tun daga shekarar 2019 da gwamnatin ƙasar ta gayyaci baƙaƙen fata na ƙetare su zo ganin gida, watan ya zama na cunkoso da kaɗe-kaɗe, kuɗin masauki da na jirgi su haura.

3. Takardu su kammala tun da sauran lokaci

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90. Iyalin da ke riƙe da fasfon Nijar su fara tuntuɓar ofishin jakadancin Ghana, tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Kowa ya riƙe nasa fasfon, har jariri, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Fasfon kakanni shi aka fi mantawa, sau da yawa tun aikin Hajji ba a sake buɗe shi ba.

Ana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawa, daga duk wanda ya kai wata 9 da haihuwa. Allura ɗaya ta isa har abada, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yi ba, sai ya ga likita tukuna. In za a tafi da ɗan 'yar'uwa ko jikan da iyayensa ba sa cikin ayari, a karɓi takardar amincewarsu a rubuce.

4. Ku sauƙaƙa hanya

Daga Legas zuwa Accra tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgi. Ta mota kuwa sai an ratsa Benin da Togo, a tsaya a iyakoki uku, kowace da layinta da bincikenta. Matasa za su jure, amma ba hanya ba ce ta mai ciwon baya ko mai goyo. Masu tasowa daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri za su canza jirgi a Abuja ko Legas. A Legas tashar jiragen cikin gida daban take da ta ƙetare, don haka a bar tazara mai yawa, ko ma a kwana a huta. A nemi keken guragu daga kamfanin jirgi kwana biyu kafin tafiya. Ko Baba ya ce zai iya takawa, a lallashe shi, domin tsayuwar layi ce ke cinye ƙarfi. Ranar sauka kada a shirya komai sai wanka da abinci da barci.

5. Likita kafin tafiya, magani a jakar hannu

Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likitansa makonni kafin tashi. A ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiya, a cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu, domin akwati na iya makara. Allurar insulin ba ta son zafi, a tanadar mata 'yar jakar sanyi. A rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa a takarda, mutum biyu su riƙe. Sauron Ghana ma yana sa zazzaɓin cizon sauro, saboda haka a tafi da gidan sauro na yara, da gishirin ORS don gudawa. A sha ruwan roba kawai. A san asibitin da ya fi kusa da masauki tun ranar farko, a kuma ajiye lambar gaggawa ta ƙasar, 112, a kowace waya.

6. Gida guda ya fi ɗakunan otal

Iyali mai yawa ya fi sakewa a gidan haya mai falo da ɗakin girki. Ana iya dama wa yaro kunu da asuba, a dafa wa mai hawan jini miyar da ba gishiri, a yi jam'in salla a falo. Kafin a biya, a tambayi mai gidan dalla-dalla: akwai ɗaki a ƙasa don tsofaffi? Banɗakin na zama ne, kuma yana cikin ɗakin? Akwai janareta da tankin ruwa? A nemi bidiyon gidan, kada a tsaya ga hoto. A kula da kunyar da ke tsakanin surukai wajen rabon ɗakuna, kada matar ɗa ta zamanto sai ta ratsa gaban surukinta kafin ta shiga wanka. Unguwannin Accra irin su East Legon da Cantonments sun fi shiru, Osu kuwa dare ne ranarta. A yi masauki ɗaya ko biyu kawai, domin ɗaure kaya da kwance su kullum shi ke rikita yara.

7. Fita ɗaya a yini ta isa

Nan ne yawancin tafiye-tafiye ke lalacewa. An kashe kuɗi, sai a ga kamar asara ce a zauna a gida, a cika yini da wurare huɗu. Zuwa rana ta uku yara sun fara rigima, ƙafar Hajiya ta kumbura, ta yi shiru don kada ta ɓata wa mutane rai. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku fita bayan karin kumallo, ku dawo kafin azahar ko jim kaɗan bayanta. A ci abinci, a yi ƙailula. Bayan la'asar mai ƙarfi ya zaga unguwa, wanda ya gaji ya zauna. Bayan kowace fita mai nisa, washegari ta zama ranar zaman gida. Kada a raina wannan rana. A cikinta ne kaka za ta yi wa jikoki tatsuniya, ta tsefe wa wannan kai, ta ba su labarin garinsu da dangin da ba su sani ba. Zumuncin da aka fito nema a nan ake samunsa. Ku ɗauki hayar ƙaramar bas da direba na yini, ya fi arha da sauƙi a kan tasi uku, kuma ku kauce wa cunkoson Accra na safe da na yamma.

8. Ku zaɓi wuraren da kowa zai samu rabonsa

Lambun itatuwa na Aburi, wanda aka buɗe a 1890, yana kan tudu a arewa da Accra. Akwai iska mai sanyi da inuwa, yara su yi gudu, manya su shimfiɗa tabarma. Wurin tunawa da Kwame Nkrumah a tsakiyar birni an gyara shi a 2023, filinsa shimfiɗaɗɗe ne, yana da sauƙin takawa. Kasuwar unguwar zango ta Nima kuwa ta kakanni ce: za su yi ciniki da Hausa, su gaisa da mutane kamar suna gida.

Cape Coast tana da nisan kusan kilomita 150 daga Accra, kuma cunkoson garin Kasoa da ke kan hanya na iya tsawaita tafiyar, don haka gara a kwana can. Ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da ta Cape Coast, nan aka riƙa tsare bayi kafin a tsallaka da su teku. Darasi ne da ya kamata matasa su gani da idonsu, amma kurkukun ƙarƙashin ƙasa duhu ne da zafi, ba na ƙaramin yaro ba ne, kuma akwai matakala da yawa. A dajin Kakum akwai gadojin igiya guda 7 da aka ɗaura a saman bishiyoyi, sai an hau tudu kafin a kai gare su. Wannan na samari da 'yanmata ne. Raba ayari ba laifi ba ne: wasu su hau, wasu su zauna a inuwa tare da tsofaffi, a haɗu a ci abinci.

9. Kada a yi wasa da ruwa

Mafi yawan yaranmu ba su iya iyo ba, tekun gaɓar Ghana kuma yana da igiya mai ja da mutum ciki, ko da a ido ya yi kama da mai sauƙi. Yara su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, hannunsu cikin na babba. A ambaci sunan mai lura da su a fili, a ce, "Yaya, kai ke da su yanzu," domin in kowa ya ɗauka wani na kallo, ba mai kallo. A tafkin Volta, wanda madatsar Akosombo ta samar a 1965, kada a bar yara su yi wanka saboda cutar tsargiya. In za a shiga kwalekwale a can ko a Ada, inda kogin ke shiga teku, kowa ya sa rigar kariya.

10. Abinci, salla, kuɗi, da hutun uwayen gida

A unguwannin zango irin su Nima da Maamobi za a samu koko da ƙosai da safe, da tuwon zafi da miyar ayoyo, da waakye, wato shinkafa da wake irin tasu. A wasu gidajen abinci na kudu ana sayar da naman alade da na daji, sai a tambaya, ko a tsaya ga kifi. Yajinsu da ake kira shito yana da zafi, a ɗanɗana kafin a zuba wa yaro. A tafi da garin kunu da kuka da daddawa, don ranar da Baba ya ce tuwon gida yake so.

Agogon Ghana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, a gyara lokutan salla da na shan magani. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari cika sallarsa zai yi. Juma'a kuwa a yi ta a Babban Masallacin Ƙasa da ke unguwar Kanda a Accra, wanda aka buɗe a 2021.

Maganar kuɗi a gama ta tun a gida. Kowane magidanci ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, mutum ɗaya ya riƙe asusu yana rubutawa. A canza kuɗi zuwa sidi, kuɗin ƙasar, a wurin 'yan canji masu lasisi, kada a dogara da katin banki kaɗai. A ware na gaggawa daban, na tsaraba daban, don kada atamfa da cakulan su cinye kuɗin mota.

Sannan a tuna da matan gida. In uwar yara ce za ta yi girki sau uku, ta wanke kaya, ta yi raino, ta kuma yi hidimar surukai, to ita ba ta je hutu ba. A sayo abincin rana daga waje, manyan yara su yi wanke-wanke, maza su karɓi yara bayan la'asar. A kuma dawo gida kwana biyu kafin komawa aiki da makaranta, kowa ya warware gajiya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.