Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Damagaram

Idan mutum ya tashi daga Hawandawaki ya hau babbar hanya a Tasawa, ya yi gabas, zai isa Damagaram. A can aka yi ƙungiyar wasan kwaikwayo wadda ta fi kowace suna a ƙasar Hausa ta Nijar.

Shugabanta Yazi Dogo ne. An haife shi a Dogon Dutsi cikin shekara ta 1942. Malamin makaranta ne. Ya shugabanci makarantar gwaji ta farko, wadda aka buɗe a Damagaram cikin 1973, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci, kamar tamu. Shi da abokansa, irin su Umaru Nainu da Abdu Lushe, suka haɗa ƙungiyar. Da rana kowa yana wurin aikinsa, da marece a taru a yi wasa.

Ba daga sama suka samo abin ba. Tun da can akwai ƴan kama masu kwaikwayon malamai, akwai tashe cikin azumi, akwai kuma wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati.

Ga yadda suke aiki. Ba su rubuta maganar kowa a takarda. Sai su zauna su shirya labari, su raba shi kashi-kashi. A ce wane kai ne alhaji mai rowa, wance ke ce uwargida, wane kai ne malamin tsibbu. Daga nan kowa ya nemo maganar da ta dace da shi, da karin magana da habaici, kamar yadda ake yi a kasuwa ko a zaure. Su yi ta maimaitawa har wasa ya nuna. Saboda haka wasan jiya da na yau ba su zama ɗaya sak. Wannan aiki ya fi hadda wuya, don wanda bai san bakin mutane ba nan take ƴan kallo za su gane shi.

Janar Seyni Kunce ya karɓi mulki cikin 1974, ya farfaɗo da samariya. Cikin 1976 aka fara babban bikin matasa na ƙasa a Damagaram, jihohi suna gasa. Rediyo da talabijin suka kai wasannin ƙungiyar birni da ƙauye. Mutane suna dariya, amma cin hanci da auren dole da rikicin gado ake nuna musu.

Sai dai abin da ba a rubuta ba yana da saurin ɓata. Wasan da ba a ɗauka a faifai ba, yanzu sai a bakin waɗanda suka gani.

Tambayoyi
1. Wane aiki Yazi Dogo yake yi ban da wasa?
2. Don me wasan jiya da na yau ba su zama ɗaya?

Aiki
Ku tambayi wani dattijo wasan da samariyar garinku ta taɓa yi. Ku rubuta labarin, ku kawo aji mu gwada shi.