Shawarwari Bakwai ga Gidan da Zai Girka Git a Kwamfuta

A gidaje da dama a Isa da Sabon Birni, kwamfuta guda ce ke yi wa kowa hidima: yaya na buga takardu, ƙanwa na atisayen JAMB. Tun da aka ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa kan fasahar zamani a 2023, matasa suka ƙara raja'a kan rubuta manhaja, kuma da wuya a yi nisa malami bai ce a girka Git ba. Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro ta a 2005, don adana tarihin duk gyaran da aka yi wa aiki. Umarni ake rubuta mata a baƙin allo, shi ya sa sabon shiga kan tsorata. Ga abin da zai rage wahala.

1. Ku san kwamfutarku tukuna. A Windows, ku shiga Settings, sai System, sai About, ku ga ko 64-bit ce ko 32-bit, da kuma wace Windows ke kanta. Idan tokunbo ce mai Windows 7, sababbin manhajoji da yawa ba za su hau ba. Python, wadda ake rubuta manhaja da ita, alal misali, a 3.8 ta tsaya mata.

2. Ku ɗebo ruwa daga rijiyarsa. Git a git-scm.com take, Python a python.org, kuma duka kyauta ne. Fayil ɗin da ya bi wayoyi goma kafin ya iso gare ku na iya zuwa da ƙwayar cuta.

3. Ku sauke cikakken fayil ɗin, ku yi masa ma'aji. Mutanen yankin nan ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro. Fayil ɗin Git bai kai megabait 100 ba. Ranar da sabis ya yi kyau, ko wani ɗan gida ya shiga Sakkwato, a sauke shi a zuba a filash. Daga nan ko babu intanet zai girku.

4. Ku cika batir kafin ku fara. Ɗaukewar wuta a tsakiyar girki kan bar manhaja rabi da rabi, sai an cire an sake. In da sola kuke caji, hantsi ya fi dare.

5. Kada ku taɓa zaɓin da ba ku gane ba. Git za ta jero muku tambayoyi, kuma amsoshin da ta zo da su sun ishi mai koyo. Python ce ke da tarko: a shafin farko akwai ɗan akwati mai maganar PATH. Ku danna shi, in ba haka ba baƙin allo zai ce bai san ta ba.

6. Ku gwada, sannan ku sa suna. A rufe baƙin allon, a sake buɗewa, a rubuta git --version. In lamba ta fito, girki ya nuna. Sai a rubuta git config --global user.name da sunan mai aikin, a yi haka da user.email. Tunda kwamfutar ta gida ce, kowa ya buɗe nasa asusun a Windows, kada aikin ƙanwa ya fita da sunan yaya.

7. Iyaye, ku ja kunnen yara: umarnin da ba a fahimta ba, ba a kwafo shi a liƙa. Sau da yawa baƙin allo ba ya tambayar ko ka tabbata. Layi ɗaya irin rm -rf na iya share hotunan biki da takardun gida, kuma ba za a same su a kwandon shara ba.

Gidan da babu kwamfuta ma bai rasa ba: a wayar Android, manhajar Termux na karɓar pkg install git. Abin da ya sa Git ta dace da mu shi ne, adana aiki da git commit ba ya cin data ko kaɗan. Yaro zai yi ta aikinsa sati guda babu sabis, ranar da layi ya dawo ya tura gaba ɗaya da git push.