Kafin Ka Kawo Igiyar Ƙasa Gida

Ɗana, mahaifiyarka ta zo mini jiya bayan la'asar, hankalinta a tashe. Ta ce ka haɗa akwatin katako a bayan ɗaki, ka kuma yi magana da wani maharbi can wajen Kusada ya kamo maka gamsheƙa, wai za ka riƙa kiwonta kana ɗaukar bidiyo kana sawa a TikTok. Ban yi maka faɗa a gabanta ba, yanzu ma ba faɗa na kira ka ba. Zauna mu yi lissafin abin tare.

Sha'awar nan na san ta. Muna yara, in gardawa suka sauka a kasuwar Kankia, ganga na tashi za ka ga an yi da'ira. Gardi ya buɗe kwando, ya zaro kumurci ya rataya a wuya yana kirari, daga nan a fito da layu da ƙulle-ƙullen magani a shiga ciniki. Sai da na girma na gane cewa da yawa daga cikin macizan an karya musu haƙoran dafi, wasu ma an ɗinke musu baki. Haƙorin da aka karya kuwa yana sake tsirowa, kuma ba ya sallama ranar da zai fito. Wanda aka ɗinke wa baki, yunwa ce ke kashe shi a hankali cikin kwando. Ka san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, ka kuma san makomarta. Maciji ma rai ne.

To, a ce za ka yi kiwon na gaskiya, da haƙoransa, da haƙƙinsa. Masu yin wannan aiki a gidajen namun daji da ɗakunan bincike suna ware masa ɗaki guda da kwaɗo, ba tsaga a bango, ba rami a ƙasa, ba rata a ƙarƙashin ƙofa. Ba sa taɓa shi da hannu, sai da doguwar ƙugiya, kuma ba sa buɗe akwati mutum ɗaya. Mai gamsheƙa yana rufe idonsa da gilashi, don tana feso dafi daga nesa, ido take nema. Ga ciyarwa: ɓeraye da kwaɗi, rani da damina. In kasa ce aka kawo maka da ciki, ka sani ba ƙwai take sakawa ba, haihuwa take yi, 'ya'ya ashirin ko talatin, kowanne da dafinsa tun ranar farko.

Yanzu dubi gidanmu. Katangar ƙasa ce, ɓera ya huda ta ta ko'ina. Ƙannenka suna kwana a tabarma tsakar gida lokacin bazara, ƙaramar cikinsu ko tafiya ba ta iya sosai ba, komai ta gani sai ta kai hannu. Bayan katangar nan kuma gidan maƙwabta ne da ba ka shawarta ba. Ranar da katako ya sha ruwa ya buɗe baki, ba kai kaɗai za ka biya ba.

Babban sharaɗin shi ne allurar kashe dafi. Na taɓa raka wani manomi asibiti, kububuwa ta sare shi yana tattara karan dawa da kaka. Aba ce 'yar guntuwa, ba ta kai tsawon hannu ba, kalar ƙasa. Da farko ya ce ba komai, an ba shi jiƙo, an ɗaure ƙafar da igiya. Washegari ya tofa yawu sai jini. Ma'aikacin jinya ya ɗibi jininsa ya zuba a kwalba, muka zauna muna kallon agogo, minti 20 suka cika jinin nan yana nan kamar ruwa, ya ƙi daskarewa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma sai da aka sayar da awaki kafin a haɗa kuɗin allura. Ba a banza ake kiran kububuwa "gobe da nisa" ba.

Allurar nan ba a yin ta a kasuwa. Irin ta EchiTAb da ake amfani da ita a asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, dafin macizan Najeriya ake tatsa, a yi wa tumaki allurarsa a Birtaniya ko dawakai a Kosta Rika, sannan a tace makarin daga jininsu. Ba kowane asibiti ke ajiye ta ba, Kaltungo kuwa daga nan tafiyar wuni ce a mota. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, ta kuma ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya da suka taka shi ba da niyya ba. Kai kuma kana so ka biya kuɗi a kawo maka shi har ɗaki.

Kada wani ya ba ka laƙani ya ce ka sha ka gagari dafi. Wani lokaci maciji yakan yi sara bai zuba dafi ba, mutum ya tashi lafiya, sai a ce maganin ne ya yi aiki. Haka nan ɗauri da tsaga da tsotsa, ɓarna suke ƙarawa. In tsautsayi ya faɗa wa wani, a kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko abin hannu, a nufi asibiti. In ido aka fesa wa, a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa.

Ni ban ce ka kashe sha'awarka ba, domin rashin tsoron da Allah ya ba ka abu ne da ake nema. A Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Abdulrazaq Habib ya shafe shekaru yana bincike kan saran maciji, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya nan cikin Kankia, ba sai ka yi nisa ba. Ka gyara takardunka, ni zan tsaya maka a kan kuɗin fom.

Amma yau, kafin magariba, ka kira maharbin nan ka ce ya bar gamsheƙar a dajinta. Ka kwance akwatin, sannan ka shiga wurin mahaifiyarka ka gaya mata da bakinka, don jiya ba ta runtsa ba. Allah ya yi maka albarka.