Darasi Don Ƙungiyoyin Manoma: In Hoto Ya Ƙi Fita Sosai A Talabijin

Dattawanmu na ƙasar Funtuwa da Malumfashi sun tuna zamanin majigi, sa'ad da mota takan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a fim kamar Baban Larai mai koyar da noman auduga. Sa'ad da aka fara aikin gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, malaman gona sun riƙa shiga ƙauye-ƙauye suna nuna aiki a gona. Yanzu kuwa malaman gona sun yi kaɗan, manoma sun yi yawa. Saboda haka ƙungiyoyi da dama suna samo hotunan koyon noma cikin Hausa, su zuba su a kwamfuta, su haɗa ta da talabijin domin kowa ya gani. Gani ya kori ji.

Amma sau da yawa akan tara mutum talatin ko arba'in, a sayi mai a tada janareta, sa'an nan hoto ya ƙi fita, ko kuwa ya fito a gurguje. Mutanen da suka taso daga ƙauyukan kewayen Mahuta su koma gida ba su ƙaru da kome ba, ran taro na gaba kuma ba za su zo ba. Wannan darasi domin magatakarda ne, da matasan da aka danƙa wa kayan ƙungiya. Yawancin matsalolin nan ba su bukatar mai gyara. Natsuwa suke bukata, da bin abu daki-daki.

1. Ka san wayarka

Wayoyin da ake haɗa kwamfuta da talabijin da su iri uku ne a wajenmu.

Ta fari ita ce HDMI. Kanta shafaffe ne, faɗinsa kamar farcen babban yatsa. Tana ɗaukar hoto da murya tare. In kwamfutarku da talabijin ɗinku duka suna da kafarta, kada ku nemi wata.

Ta biyu ita ce VGA, mai shuɗin kai da allurai 15 a jeri uku, da noti biyu na ɗaurewa. Tun 1987 ake amfani da ita, tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da kafarta. Hoto kaɗai take ɗauka. Murya sai an nemo mata ƙaramar waya dabam.

Ta uku ita ce mai kai uku: rawaya, fari da ja. Rawaya na hoto ne, fari da ja na murya. Ita ce tsohon talabijin mai doro ya sani. Kwamfuta ba ta da kafarta, saboda haka tilas a sa ɗan akwatin juyi a tsakani, wanda zai karɓi hoto daga HDMI ya mai da shi irin wanda tsohon talabijin ke ganewa.

Abin lura a kan akwatin juyin nan abu biyu ne. Na ɗaya, hanya guda yake bi. Wanda ke juya HDMI zuwa waya mai kai uku dabam ne da wanda ke juya mai kai uku zuwa HDMI, ko da yake sun yi kama a ido. In za ka saya a Funtuwa ko Malumfashi, ka duba gefen da aka rubuta Input, ka tabbata kafar HDMI ce ke wajen. Na biyu, yana bukatar wuta. Akwai 'yar wayar USB da ke zuwa da shi. In ba a sa ta a kan cajar waya ko a jikin kwamfuta ba, hoto ba zai fita ba, ko kuwa ya riƙa ɗaukewa.

2. Yadda za a haɗa

Ka kashe talabijin da kwamfuta tukuna. Ka tada janareta, ka bar shi ya daidaita na minti biyu ko uku. Ka sa waya a kafofinta har ta zauna daram, ban da tilastawa. Ka kunna talabijin, sa'an nan kwamfuta. Bin wannan tsari yana sa kwamfuta ta gane talabijin tun tana tashi, yana kuma kare kafar HDMI daga ƙonewa.

3. Matsaloli da maganinsu

(a) Babu hoto sam, ko an rubuta No Signal. Talabijin yana da kafofi da yawa, amma ɗaya yake dubawa a lokaci guda. Ka danna maɓallin rimot da aka rubuta Source ko Input, a wasu kuma AV. Ka zaɓi kafar da ka sa waya a ciki. In ka sa a HDMI 2 amma talabijin yana duban HDMI 1, ko kwana za ku yi ba za ku ga kome ba. In an zaɓi kafa daidai amma har yanzu shiru, ka koma kan kwamfuta. Ka riƙe maɓallin nan mai hoton taga, watau maɓallin Windows, ka danna harafin P. Zaɓi huɗu za su fito. Ka zaɓi Duplicate, ma'anarsa abin da ke fuskar kwamfuta shi zai fito a talabijin.

(b) Hoton bango ya fito, amma fim bai fito ba. Wannan ba lalacewa ba ce. Kwamfuta tana kan Extend, watau ta ɗauki talabijin a matsayin ƙarin fili a gefenta, fim ɗin kuwa yana can a fuskarta. Maganinsa shi ne na sama: Windows da P, a zaɓi Duplicate.

(c) Hoto ya fito baƙi da fari, ko yana birgima daga sama zuwa ƙasa. Wannan yakan faru da waya mai kai uku. Dalilinsa kuwa, ƙasashen duniya ba tsarin talabijin ɗaya suka bi ba. Nijeriya da Ingila sun bi tsarin PAL mai layuka 625. Amurka da Japan sun bi NTSC mai layuka 525. In akwatin juyi yana aika wani tsari, talabijin kuma yana jiran wani, launi sai ya ɓace. A gefen akwatin akwai ɗan makunni da aka rubuta PAL a gefe ɗaya, NTSC a ɗaya gefen. Ka tura shi kan PAL. In talabijin ɗinku tsohon kaya ne da aka kawo daga Amurka, ka gwada NTSC. Ka kuma duba ko rawayan kai yana kafar rawaya. Wasu talabijin suna da kafofi kore da shuɗi da ja a kusa, na wani aiki ne dabam, kuskuren kafa yakan sa launi ya ɓace.

Kada wani ya ce ai hoto ya fito, a ci gaba haka nan. Ga manomi launi shi ne rabin darasi. Ganyen masara da ya yi rawaya daga ƙasa yana nuna tana neman taki irin yuriya. Wanda gefensa ya yi ja-ja mai duhu tun tana ƙarama yana nuna ƙarancin abin da takin sufa ke bayarwa. A hoto baƙi da fari duk ɗaya suke, mutum ya je ya sayi takin da gonarsa ba ta nema ba.

(d) Launi ya rine, kome ya koma rawaya, ko ja-ja, ko shuɗi-shuɗi. In wayar VGA ce, ka zare ta ka duba alluranta a haske. Launi uku, ja da kore da shuɗi, kowanne da tasa allura. In ɗaya ta lanƙwashe ko ba ta taɓa ba, launinta ya fita daga hoton. In ta shuɗi ce, duk abin da ke fari sai ya koma rawaya. A miƙar da ita a hankali, a mai da waya, a ɗaure notinta biyu. In kuwa talabijin mai doro ne, launi ya ɓaci a kusurwa ɗaya kaɗai, to, ku duba ko an ajiye lasifika kusa da shi. Maganaɗisun da ke cikin lasifika ne ke jan launi. A matsar da ita nesa, a kashe talabijin daga bango na rabin sa'a, a sake kunnawa.

(e) Gefen hoto ya yanke. Talabijin da yawa sukan ɗan faɗaɗa hoto har gefunansa su fita waje. A kallon ƙwallo ba wanda zai damu. Amma a fim ɗin koyarwa, rubutun da ke ƙasa shi ne yakan faɗi yawan maganin feshi da za a zuba a tankin lita 15 ko 20. In rabin lambar ya ɓuya, ana iya ƙona shuka ko a yi feshin banza. Ka shiga Menu na talabijin, ka nemi Picture Size ko Aspect Ratio. A talabijin na LG ka zaɓi Just Scan, a na Samsung kuma Screen Fit ko Fit to Screen. Hoto zai koma cikin iyakarsa.

(f) Mutane sun yi gajeru masu ƙiba, ko dogaye sirara. Fuskar tsohon talabijin kusan murabba'i ce, awonta 4:3. Ta sabon talabijin na bango mai faɗi ce, 16:9. In an ja hoton wannan don ya cika wancan, siffar kome ta canza. Tazarar shukar masara da akan koyar, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ba za ta fito yadda take ba. A wurin nan na Picture Size za a gyara. In baƙin fili ya rage a gefe ko a sama da ƙasa, a bar shi. Gara hoto ƙarami na gaskiya da babba na ƙarya.

(g) Hoto ya yi dishi-dishi, rubutu ba ya karantuwa. Hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane talabijin kuma da yawan ɗigon da aka yi shi da shi. Manya da yawa 1920 a kwance ne da 1080 a tsaye. Ƙanana masu inci 32 da yawa 1366 da 768 ne. Ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan fili, ka shiga Display settings, ka nemi Display resolution. Ka fara da wanda aka rubuta Recommended a gabansa. In talabijin ya ƙi karɓa, ka gwada 1280 da 720. Kada ka tsorata in fuska ta yi baƙi: in ba ka taɓa kome ba, bayan daƙiƙa 15 kwamfuta za ta koma inda take. Amma ku sani, talabijin mai doro ba zai taɓa fid da ƙananan rubutu sosai ba. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Nijeriya a 2016, ana gane ta da wata alama kamar harafin Y a kife a kanta, da ɗigo huɗu kusa da wutsiyarta. In za a nuna irin wannan ƙaramin abu, gara a tsai da fim, mutane su matso biyar-biyar su duba a fuskar kwamfuta.

(h) Hoto yana ƙyaftawa, ko layuka suna yawo a kansa. In ƙananan ɗigo masu walƙiya ne, ko hoto yana ɗaukewa yana dawowa, galibi laifin wayar HDMI ne: ta yi tsawo, ko ta karye daga ciki, ko ƙurar hunturu ta cika kafa. Waya mai mita 2 zuwa 5 ta isa. In kuwa layi ne mai faɗi yana hawa sama a hankali, da gurnani a lasifika, daga wuta ne. Ka zare cajar kwamfuta ta yi aiki da batirinta. In layin ya tafi, ka gane mai laifi. Kada kuma a haɗa injin ban ruwa ko firji a janaretan da ke riƙe da talabijin.

(i) Hoto ya fito, babu murya. In HDMI ce, ka danna alamar lasifika a ƙasan fuskar kwamfuta ta hannun dama, ka zaɓi sunan talabijin. In VGA ce, ka tuna ba ta ɗaukar murya.

4. Yadda ake gane mai laifi

Abu uku ne ko huɗu a cikin aikin: kwamfuta, waya, akwatin juyi in akwai, da talabijin. Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, ka duba, kamar yadda malamin gona yakan raba fili biyu ya canza taki kaɗai don ya san abin da ya kawo bambanci. Ka fara da waya, gama ita ce ta fi arha, ita ce kuma ta fi lalacewa. Sa'an nan ka gwada wata kafar. Bayan haka ka ari kwamfutar wani. In an gwada duka talabijin bai nuna ba, a lokacin ne za a kai shi wurin mai gyara.

Akwai kuma gajeriyar hanya. Yawancin sababbin talabijin suna da kafar USB. In an kwafe fim a filas, musamman irin MP4, ana iya sa shi a jikin talabijin kai tsaye, ba kwamfuta ba waya. Ya kamata kowace ƙungiya ta ajiye filas ɗaya a shirye saboda ranar da waya za ta ƙi.

5. Gargaɗi

Kada kowa ya buɗe bayan talabijin mai doro. Wuta mai ƙarfi takan zauna a cikinsa ko bayan an zare shi daga bango, tana iya yi wa mutum mummunan lahani.

Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kafin a sa tsohon kayan waje a wuta, a karanta rubutun bayansa. In an rubuta 100 zuwa 240, ba laifi. In 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta.

In hadari ya taso da damina ana walƙiya, a kashe kome, a zare wayar wuta da ta eriya.

6. Abin da ƙungiya za ta yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. A haɗa kaya a gwada fim ɗin tun jajibirin taro, da janaretan da za a yi aiki da shi. A koya wa mutum biyu ko uku, har da mace ɗaya daga zumuntar mata, don kada taro ya tsaya saboda mutum ɗaya ya tafi kasuwar Ɗandume. A sayi wayar HDMI ta biyu daga asusun ƙungiya. Bayan taro a naɗe wayoyi ba tare da lanƙwasa su ba, a sa su cikin leda, a rufe talabijin da ƙyalle saboda ƙura. A rubuta kafar da aka yi amfani da ita da awon da ya yi daidai a takarda, a manna a bayan talabijin.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wace irin waya ce kayan ƙungiyarku suke bukata? Kuna da ta biyu?
2. In an rubuta No Signal, waɗanne abubuwa biyu za a fara dubawa?
3. Me ya sa bai kamata a nuna darasin taki a hoto baƙi da fari ba?
4. Su wa za a koya wa haɗa kaya kafin taro na gaba, wace rana kuma za a yi gwajin?