Janaretan Asibiti: Darasi Daga Ƙasashen da Mahaukaciyar Guguwa Ke Afka wa

A kowace shekara, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, mazauna tsibiran Karebiyan da gaɓar gabashin Amurka kan zauna cikin shirin ko-ta-kwana, domin lokacin ne mahaukaciyar guguwa ke tasowa daga Tekun Atalantika. Irin wannan guguwa ba ta sauka a Kano ko Maraɗi, amma da yawa daga cikinsu asalinsu hadarin damina ne da ke ratsa yankin Sahel daga gabas zuwa yamma. Idan ya fita teku ta wajen gaɓar Senegal ya tarar da ruwa mai ɗumi, sai ya yi ƙarfi ya zama bala'i. Barnar da takan yi wa asibitocin can ta bar darussa game da janareta, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya faru

A ƙarshen Agustan 2005 guguwar Katrina ta nutsar da mafi yawan birnin Niyu Olins. Asibitin Memorial yana da janaretoci, amma wasu kayan rarraba wutarsa suna kusa da ƙasa. Da ruwa ya taso, wuta ta ɗauke, na'urorin taimakon numfashi suka tsaya, zafi ya tsananta. Daga baya an ɗauko gawarwaki 45 daga asibitin.

A Oktoban 2012 guguwar Sandy ta afka wa birnin Niyok. A asibitin Bellevue an ɗora janaretoci a hawa na 13, inda ruwa ba zai kai ba, amma famfunan da ke tura musu mai suna ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya cinye famfunan, dole ma'aikata da sojoji suka jeru a kan matakala suna miƙa wa juna mai har sama. A ƙarshe sai da aka kwashe majinyatan asibitin. A asibitin NYU Langone kuwa, ma'aikatan jinya sun sauko da jarirai ta matakala cikin duhu, suna hura musu iska da hannu.

A Satumban 2017 guguwar Irma ta katse wutar na'urar sanyaya ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi a Holiwud ta jihar Fulorida. Hukumomi sun tabbatar da cewa zafi ya kashe mutum 12. Bayan haka jihar ta wajabta wa irin waɗannan gidaje mallakar janareta da tanadin man da zai iya sanyaya ɗakuna na awa 96.

Abin lura shi ne a biyun farko akwai janareta. Abin da ya gaza shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da janareta ya dogara da su. A na ukun kuma, ba a haɗa abin da rai ya dogara a kai da wutar gaggawa ba.

Darussa huɗu

Na farko, janareta ba inji kaɗai ba ne. Yana buƙatar tankin mai, famfo, batir, wayoyi da makunnin da ke sauya layi daga wutar gari zuwa tasa. Idan ɗaya ya nutse, duk sun tsaya. Don haka a ɗaga su duka a kan dakali mai tsayi, sama da iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a wurin.

Na biyu, injin da ba a gwadawa ba a san lafiyarsa ba. Ƙa'idar asibitocin Amurka ita ce janareta ya kawo wuta cikin daƙiƙa 10 da ɗaukewar wutar gari, a duba shi kowane mako, kuma a tashe shi kowane wata na aƙalla minti 30 yana ɗauke da kaya. Tayar da shi babu kaya ba ya nuna ƙarfinsa, kuma yakan tara ɗanyen mai da baƙin hayaƙi a salansar injin dizal. Mutuwar batir na cikin manyan dalilan da ke hana janareta tashi.

Na uku, mai yana lalacewa. Dizal da ya daɗe a tanki yakan tara ruwa da laka, su toshe filta a daidai lokacin da ake buƙatarsa. A riƙa juya shi, a fara amfani da tsohon, a tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin tanki. A kuma tuna cewa ranar ambaliya hanya kan yanke, gidan mai ma ba shi da wutar da zai bayar da mai.

Na huɗu, a san abin da za a fara ba wuta. Ɗakin tiyata, ɗakin haihuwa, kwalabar jariran da aka haifa bakwaini, na'urar iskar oksijin, firijin jini da na allurar rigakafi, da famfon ruwa, su ne a gaba. Yawancin alluran rigakafi suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan suka yi zafi ƙarfinsu na raguwa ba tare da ido ya gani ba.

Ina ruwanmu?

A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har ya shiga asibitin koyarwa na jami'ar birnin. Iska mai karya turakun wuta da ambaliya ba baƙi ba ne a daminarmu. Asibitin da ke kusa da kasuwar kan iyaka kuwa ba ya tambayar ɓangaren da mai naƙuda ta fito. Saboda haka shugabannin 'yan kasuwa da masu zama a kwamitin asibiti suna da haƙƙin yin waɗannan tambayoyi tun kafin ruwan farko:

1. Yaushe aka gwada janareta na ƙarshe, kuma ina littafin da aka rubuta?
2. Man da ke ajiye zai kai kwana nawa?
3. Wa ke riƙe da makulli da dare, kuma mutum nawa suka iya tayar da injin?
4. Akwai batir, filta da baƙin mai na ajiya?
5. Idan janareta ya ƙi tashi, ina za a kai majinyata da allurai, kuma da wace mota?

Idan ƙungiya za ta yi karo-karo, kuɗin sabis da batir da mai sukan fi sabon inji amfani. Firiji mai aiki da hasken rana kuma yana rage dogaro da mai.

Janaretan gida da na shago

Bayan guguwa, mutane da dama a Amurka kan mutu ba da iska ko ruwa ba, sai da hayaƙin janareta, kuma wannan musiba ta sha hallaka iyalai a garuruwanmu. Hayaƙin na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, jiri, amai da kasala, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba.

Kada a kunna janareta a ɗaki, zaure, shago ko ƙarƙashin matakala, ko da ƙofa a buɗe take, ko da ana ruwa ko ana tsoron ɓarayi. A ajiye shi a fili, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, salansa na kallon waje, a yi masa rumfa mai buɗaɗɗen gefe. A kashe shi ya huce kafin a zuba mai. Kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, kada kuma a haɗa shi da wayar gida ba tare da makunnin sauya layi ba, domin wutar na iya komawa kan turaku ta kashe mai gyara. Idan mutanen gida suka kamu da ciwon kai lokaci ɗaya, a fitar da kowa waje, a kashe injin, a garzaya asibiti.

Gidan da ke da mai amfani da insulin ko na'urar oksijin ya tuntuɓi ma'aikacin lafiya tun yanzu kan abin da za a yi idan wuta ta kwana biyu ba ta dawo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.