Matuƙin Tudu: Nazari Kan Kuskuren Ɗan'adam a Jiragen Ruwa Masu Sarrafa Kansu

Wannan ɗan nazari zai duba wani sabon al'amari a harkar sufuri, wato jirgin ruwan da matuƙinsa yake zaune a ɗaki a kan tudu, yana lura da shi ta allon kwamfuta. Da yake Hausa koyonta na yi, nakan yi taka-tsantsan wajen ƙirƙirar kalma, amma na ga "matuƙin tudu" ya dace da wannan mutum.

Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta kasa irin waɗannan jirage mataki huɗu: daga wanda na'ura ke taimaka wa ma'aikata kawai, har zuwa wanda ke yanke shawara da kansa. Misali shi ne Yara Birkeland na ƙasar Norwe, mai aiki da batir, mai tsawon mita 80, wanda ya soma dakon takin zamani a 2022. A Beljiyam kuma kamfanin Seafar yana tuƙa jiragen kogi daga birnin Antwerp.

Masu wannan fasaha suna cewa za ta rage haɗari, tunda galibi laifin mutum ne. Ni a ganina, kuskure wuri kawai ya sake. Mu 'yan Kumbashi ta ƙasar Kontagora ba mutanen ruwa ba ne, amma duk wanda ya shiga jirgi a tafkin Kainji ya san yadda matuƙi ke aiki da jikinsa duka. Ƙafarsa ke gaya masa lodi ya karkata, kunnensa ke jin inji ya sauya murya. Ya san inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashin ruwa tun da aka kammala madatsar a 1968. Matuƙin tudu ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da kyamara ta nuna masa, shi ke nan iliminsa. In hazo ya rufe ta, ko saƙo ya yi jinkirin 'yan daƙiƙoƙi, to, yana tuƙi ne da tsohon labari, ga shi kuma jirgi ba ya da birki irin na mota.

Akwai kuma sakankancewa. Wanda ya wuni yana kallon na'ura tana aiki lafiya, hankalinsa yakan tafi wani wuri. Sai abu ya gagare ta ta miƙa masa ragama, daidai lokacin da bai shirya ba. Abin ya fi muni idan an haɗa masa jirage biyu ko uku don a rage albashi.

Wani kuskuren ma tun a bakin gaɓa ake tafka shi. A watan Mayu na 2021, wani tsohon jirgi da ya taso daga Jihar Neja da fasinja fiye da 150 ya tsage kusa da Wara ta Jihar Kebbi. A daren 1 ga Oktoba 2024, wani mai ɗauke da kusan mutum 300 masu bikin Maulidi ya kife a Gbajibo ta Ƙaramar Hukumar Mokwa. Lodi ya wuce kima, ga tafiyar dare. Matuƙin da ke cikin jirgi, ko ba komai, ransa na ciki, yana iya cewa ba zai tashi ba. Shi kuwa na tudu, lissafin kayan da aka rubuto masa zai karɓa, kuma mai jirgi ne ya rubuto shi.