Amsoshin Tambayoyinku: Agogon da ke nuna wata zai iya faɗa mana ranar Sallah?

Tambaya: Ƙanena ya kawo mini tsarabar agogon hannu daga aikin Hajji, a fuskarsa akwai hoton wata da taurari. Na kuma ji ana cewa akwai irinsa da kuɗinsa ya fi na gida. Me ke cikinsu haka? Kuma za a iya dogara da su wajen sanin tsayuwar wata? Daga wani mai karatu a Kibiya.

Amsa: Malam, Allah Ya karɓi ibadar Alhaji. Ka fara gwada naka tukuna. Idan hoton watan yana fitowa da dare, da safe hoton rana ya maye gurbinsa, to dare da rana kawai yake nunawa, ba ruwansa da kwanan wata. Da yawa daga cikin na kasuwa haka suke. Na gaske a hankali yake tafiya, yana cika yana raguwa tare da watan da ke sama.

A cikinsa akwai faifai mai haƙora 59 da aka zana wa wata biyu. Kullum haƙori ɗaya ke gusawa, don haka kowane wata yana cin kwana 29 da rabi. Amma watan sama ya ɗara haka da kusan minti 44. Wannan ɗan ragowar ne ke taruwa, bayan shekara biyu da wata bakwai sai agogon ya yi kuskuren kwana guda. Masu tsada suna sa faifai mai haƙora 135, wanda sai ya shekara 122 kafin ya kuskure kwana. Ka ga inda kuɗin ya fara shiga: babu batir, babu kwamfuta, ƙarafa ne ƙanana da aka yanka aka goge da hannu, wani kaɗai ake yi musu.

Daga nan sai gasa tsakanin kamfanoni. A 1933 kamfanin Patek Philippe na birnin Jeniba da ke Turai ya miƙa wa attajirin Amurka Henry Graves agogon aljihu mai ƙarin ayyuka 24, har da taswirar taurarin da ke saman New York. An yi gwanjonsa a 2014 a kan dala miliyan 24. A 1985 kamfanin Ulysse Nardin ya fito da agogon hannu da Ludwig Oechslin ya ƙera a kan tsarin usturlabi, na'urar da malaman Musulunci suka daɗe suna fitar da lokutan sallah da ita. Kamfanin Vacheron Constantin kuwa a 2025 ya cusa ayyuka 41 a agogon hannu guda.

Ni dai yawan ayyuka ba ya burge ni. Fuskar agogon hannu ba ta kai tafin hannun jariri ba. Idan aka cunkusa mata allurai da lambobi har mutum ya rasa ƙarfe nawa ne, an nuna gwaninta amma an ɓata tsari. Agogon da ya amsa sunansa shi ne wanda duk abin da ke fuskarsa ke hidimar abu ɗaya. Shi ya sa nake yaba wanda kamfanin Parmigiani Fleurier ya yi na kalandar Hijira, wanda ya ci lambar yabo a Jeniba a 2020. Kwanan wata, sunan wata da Larabci, shekara, da siffar watan, duk zance guda suke yi. Wasu maƙeran kuma sukan raba aiki, lokaci a gaba, sararin sama a bayan agogon, don ido ya huta.

Akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba: kowace taswirar sama ta wani wuri ce. Jeniba tana daraja 46 arewa da tsakiyar duniya, nan Rano da Kibiya kuwa wajen 11 da rabi. A can yini yana kai kusan awa 16 a watan Yuni; a nan iyakarsa awa 12 da minti 45 ko kusa da haka. Agogon da aka yanka wa fitowar rana da faɗuwarta ta Turai, in ka ɗaura shi a Rano ba zai faɗa maka lokacin buɗa-baki ba. Ko jinjirin watan ma a tsaye suke zana shi, alhali mu a kwance muka fi ganinsa kamar ƙwarya. Aikin da na ga zai amfane mu ko'ina shi ne allurar da ke nuna tazarar rana da agogo. Ladanai sun san zawali ba ya zama wuri ɗaya: a Rano yakan faɗo wajen 12:10 a farkon Nuwamba, ya koma wajen 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Wannan allura ita ke bayyana dalilin.

Batun tsayuwar wata kuma, a'a, Malam, kada ka dogara da shi. Ko na Hijirar nan lissafi yake bi: wata mai 30, wata mai 29, kuma a kowace shekara 30, guda 11 suna da kwana 355, sauran 354. Ƙarfe bai san hazo ba, bai san gajimare ba, bai san tazarar jinjirin wata da rana a yammacin garinku ba. Yana iya saɓa wa gani da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Amfaninsa shi ne ya tuna maka daren da za ka fita duba. In ka gani, ka sanar da dagaci ko hakimi, labari ya bi ta fadar Sarki zuwa kwamitin ganin wata, sanarwa kuma ta fito daga Mai Alfarma Sarkin Musulmi a Sakkwato.

In naka ya tabbata na gaske ne, ka daidaita shi a daren sha huɗu, lokacin da wata ya cika. Yawanci akwai ɗan maɓalli a gefe da ake dannawa da tsinke. In ya yi tauri kada ka matsa masa, ka kai wa mai gyaran agogo.